Kwamfuta Ta Ƙi Tashi: Tambayoyi da Amsoshi Kafin a Kai Ta Wurin Mai Gyara

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da ma'aikatan ofis da masu shagunan buga takardu a Kaduna suka fi yi idan kwamfuta ta ƙi tashi, ko kuma ta tashi amma ta tsaya a hanya. An jera su bisa tsarin da kwamfutar kanta take bi, tun daga danna maɓallin kunnawa har zuwa buɗewar Windows. Yawancin bayanin ya shafi HP da Dell da Lenovo, domin su ne suka fi yawa a hannun jama'a a nan, musamman na hannu waɗanda ake shigowa da su daga ƙasashen waje.

Daga ina ya kamata a fara bincike?

A fara da ido da kunne tun kafin a ɗauko sukudireba. Kowace kwamfuta tana bin matakai huɗu kafin ta buɗe. Da farko wuta ta shiga jikinta. Daga nan wata ƙaramar manhaja da ke zaune a kan madabod, babban faifan da duk sassan kwamfuta suke jone a jikinsa, wadda ake kira BIOS, ko UEFI a kwamfutocin zamanin nan, ta duba cewa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da ram, wurin da take riƙe abin da take aiki a kansa, da allo suna nan kuma suna amsawa. Idan ta gamsu sai ta nemi ma'ajiyar da Windows yake ciki, had-dis ne ko SSD, ta miƙa masa ragama, shi kuma ya loda kansa ya nemi kalmar sirri.

Kowane mataki yana da alamarsa. Idan babu fitila kuma babu motsin fanka, matsalar ta wuta ce. Idan fitila ta kama, fanka tana juyawa, amma allo baƙi ƙirin, an tsaya a mataki na biyu. Idan tambarin kamfani ya fito sannan wani saƙo na Turanci ya biyo baya, BIOS ne bai sami ma'ajiya ba. Idan kuwa ɗigon nan na Windows sun fara zagayawa sannan abin ya cije, to jikin na'urar ya yi nasa aikin, saura manhaja. Wanda bai tantance wannan ba yana iya sayen sabon allo alhali caja ce ta mutu, ko kuma, abin da ya fi muni, ya yarda a goge masa fayilolinsa a kan matsalar da ba ta da alaƙa da Windows ko kaɗan.

Na danna maɓalli, babu fitilar da ta kama, babu ƙarar fanka. Ta ƙone ke nan?

Ba lallai ba ne. A fara daga bango: a gwada soket ɗin da cajar waya, sannan a cire kwamfutar daga doguwar wayar nan mai bakuna da yawa a jona ta kai tsaye, domin masu araha daga cikinsu suna saurin sakin jiki daga ciki. Filogi mai ƙafa uku yana da fis, kuma fis yakan tsinke ba tare da wata alama a waje ba. Wayar da ke tsakanin bango da akwatin caja ita ma tana mutuwa, kuma ana iya aro irinta daga wata caja a gwada.

Cajojin Dell da yawa suna da 'yar fitila a akwatin ko a bakin wayar, kuma wannan fitilar tana ba da labari mai amfani. Idan tana kunne lokacin da cajar take ita kaɗai, amma ta mutu nan take da zarar an soka ta a jikin laftof, alama ce cewa wuta tana haɗuwa a cikin madabod ko a ramin caji. A nan sai a daina gwadawa, domin maimaita jonawa ba zai gyara komai ba, aikin mai gyara ne da mitarsa.

Idan caja lafiyarta ƙalau, sai a sauke ragowar wutar da ta maƙale a jikin na'urar. A cire caja, a cire batir idan mai fita ne, a cire filash da linzami da duk abin da aka jona, sannan a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 15 zuwa 30. Bayan haka a mayar da caja kaɗai, ba tare da batir ba, a kunna. Idan ta tashi, amma ta sake ƙi da aka mayar da batirin, batirin ne ya lalace har yake hana ta. Wasu ThinkPad na Lenovo da batirinsu yake a ciki suna da ɗan rami a ƙasa wanda ake tura tsinken ƙarfe a ciki don yin wannan aikin. Idan kuma aka ga wurin shafa yatsa ya tasa sama, ko jikin laftof ɗin ya fara rabuwa, batir ne ya kumbura. Kada a matse shi, kada a huda shi, kada kuma a ci gaba da caji, domin yana iya kamawa da wuta.

Cajata ta lalace, na sayi wata a kasuwa, bakinta ya shiga daidai amma kwamfutar ba ta kamawa. Me ya jawo?

Shigar baki ba ita ce shaida ba. A juya laftof ɗin a karanta rubutun da ke ƙasansa ko a ƙarƙashin batir, a kwatanta da na jikin cajar. Yawancin HP da Dell suna amfani da bolt 19.5, Lenovo kuma bolt 20, ƙarfin cajojin da aka fi samu kuwa wat 45 ne da 65 da 90. Bolt dole ne ya dace. Wat yana iya fin na asali yawa ba tare da illa ba, amma idan ya gaza, kwamfutar na iya ƙin caji ko ta yi ta jan jiki.

Akwai kuma siririyar allura a tsakiyar bakin cajar HP da Dell, wadda ta cikinta ne kwamfutar take gane irin cajar da aka jona mata. Idan allurar ta karye, ko cajar jabu ce da ba ta aika wannan bayanin, Dell yakan nuna saƙo cewa bai gane cajar ba, ya ƙi cajin batir. A ganina tsohuwar caja ta asali, ko da ta hannu ce, ta fi sabuwa marar nauyi da ake sayarwa cikin kwali mai ƙyalli, kuma wanda zai saya a shagunan Ahmadu Bello Way ko cikin Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ya tafi da laftof ɗinsa a gwada a gabansa.

An ɗauke wuta kwamfutar tebur tana aiki, da aka dawo da ita sai ta ƙi tashi. Mene ne ya lalace?

Ɗaukewar wuta tana ɓarna ta hanya biyu. Ta farko ita ce yankewar aiki: idan Windows yana cikin rubuta wani fayil nasa, musamman lokacin sabuntawa, aka yanke masa, fayil ɗin yakan lalace, kuma wannan ana gyara shi kamar yadda za a bayyana a ƙasa. Ta biyu ita ce wutar da ke dawowa da ƙarfi fiye da ƙima, ko wadda ƙaramin janareta yake bayarwa yana hawa yana sauka. Abin da ya fi mutuwa a nan shi ne akwatin raba wuta da ke bayan kwamfutar, wanda wayar bango take shiga jikinsa. Sauya shi ba shi da wuya kuma bai kai tsadar madabod ba, amma kada a kwance shi da niyyar gyarawa a gida, domin akwai sassa a cikinsa da suke riƙe wuta mai haɗari ko bayan an cire filogi. Kyankyasai ma suna son ɗuminsa, kuma sukan haddasa haɗuwar wuta a ciki.

Masu sayen kwamfutar tebur ta hannu da aka kawo daga Amurka su duba bayan wannan akwatin kafin su jona ta karon farko. Tsofaffi da yawa suna da ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120, don haka idan aka jona makunnin yana kan 115, sai ƙara da hayaƙi. Cajar laftof ba ta da wannan matsalar, domin tana karɓar daga 100 zuwa 240.

Sitabilaiza da UPS ba aikinsu ɗaya ba, ko da yake ana yawan gwama su. Sitabilaiza yana daidaita wutar da ta yi ƙasa ko sama, amma idan an ɗauke shi ma ya mutu. UPS yana da batir da ke riƙe kwamfutar na 'yan mintuna har a kashe ta yadda ya kamata. Shagon da ke sauyawa tsakanin wutar NEPA da janareta sau da yawa a rana ya fi buƙatar na biyun. Da damina kuma, idan hadari ya haɗu ana walƙiya, a zare filogi daga bango gaba ɗaya.

Fitila ta kama, fanka tana juyawa, amma allo bai nuna komai ba. Allon ne ya mutu?

Ana iya sanin wannan cikin 'yan mintuna. A danna Caps Lock a ga ko 'yar fitilarsa tana kunnuwa tana mutuwa. Idan tana amsawa, akwai alamar kwamfutar tana aiki, hoto ne kawai ba ya fita. A haska tocilar waya a jikin allon a duba da kyau daga gefe: idan ana hango rubutu dishi-dishi, hasken bayan allon ne ya mutu ko wayarsa ta saki. Sannan a jona laftof ɗin da talabijin ko wata monita ta wayar HDMI ko VGA. Idan hoto ya fito a can, matsalar tana ga allon ko siririyar wayar da ta ratsa ta mahaɗin murfi, wadda buɗewa da rufewa suke cinyewa a hankali. Laftof ɗin Dell yana da nasa gwajin: a danne harafin D a kunna, sai allon ya riƙa sauya launuka idan lafiyarsa lau.

Idan babu hoto a ko'ina, wanda ake fara tuhuma shi ne ram. Ƙura da zafi da jijjigar tafiya a jaka, a kan babur ko a Keke, suna sa ya ɗan motsa daga mazauninsa ko haƙoransa su yi datti. A kashe kwamfutar, a cire caja da batir, a taɓa wani ƙarfe don sauke wutar jiki, wadda take yawa a lokacin hunturu saboda bushewar iska. A buɗe murfin ƙasa, a ture 'yan ƙarafan da ke riƙe ram ɗin ta gefe biyu, zai ɗago da kansa. A goge haƙoran nan masu ruwan zinariya da kilinar fensir a hankali, a kakkaɓe, a mayar har a ji ya ce ƙas. Idan guda biyu ne, a gwada su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a kowane rami, domin wani lokaci ramin ne ya lalace ba ram ɗin ba. Wanda zai aro na gwaji ya sani cewa DDR3 da DDR4 ba sa shiga ramin juna, tsagar da ke tsakanin haƙoransu ba wuri ɗaya take ba, don haka kada a tilasta.

Tana yin ƙara ƙit-ƙit, ko fitilarta tana ƙyaftawa a jere. Yana da ma'ana?

Yana da ita. Idan BIOS ya ga matsala tun kafin allo ya iya nuna rubutu, da ƙara ko ƙyaftawa yake sanarwa. HP yakan yi amfani da fitilar Caps Lock, Dell kuma da fitilar caji mai sauyawa tsakanin ruwan goro da fari. Ma'anar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, har ma daga samfuri zuwa samfuri, saboda haka a ƙirga adadin da kyau, ko a ɗauki bidiyonsa da waya, a nemi fassararsa a shafin kamfanin da lambar samfurin kwamfutar.

Tana tashi, amma bayan ɗan lokaci sai ta mutu da kanta. Bairos ne?

Da wuya. Kwamfutar da ke mutuwa farat ɗaya ba tare da wani saƙo ba, musamman idan gindinta ya yi zafi kuma fanka tana kuka, tana kare kanta ne daga ƙonewa. Ƙurar hunturu da ke sauka a Kaduna daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana taruwa ta zama kamar auduga a bakin mafitar iska, sai kuma zafin Maris da Afrilu ya zo ya tarar da hanya a toshe. Shi ya sa wannan ƙorafin ya fi yawa da bazara. Ɗora laftof a kan katifa ko darduma yana ƙara dagula lamarin, tunda ta ƙasa yake shaƙar iska.

Maganinsa buɗewa ne a share fanka da mafitar iska, a kuma sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen da ke kwashe zafinsa, domin yana bushewa da shekaru. Idan za a hura da bulowa, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa da gudu. Idan HP ya nuna saƙo mai lamba 90B yayin kunnawa, yana cewa ne fanka ba ta aiki daidai, kuma tsallake saƙon kullum ba dabara ba ce.

Ta rubuta "Boot Device Not Found" ko "No bootable device". Fayilolina sun tafi?

Wannan saƙon, wanda a HP yakan zo da lamba 3F0, bai ce fayiloli sun goge ba. Abin da ya ce shi ne BIOS ya nemi inda zai tayar da Windows bai samu ba, kuma dalilan haka sun fara daga mai sauƙi har zuwa mai tsanani. Mafi sauƙi shi ne an bar filash ko katin ajiya a jiki, kwamfutar tana ƙoƙarin tashi daga cikinsa. A cire komai a sake kunnawa.

Idan bai yi ba, a shiga BIOS a ga ko yana ganin ma'ajiyar. A HP ana danna Esc da zarar an kunna, sannan F10. F9 yana nuna jerin wuraren da za a iya tashi daga gare su, F2 kuma yana buɗe gwajin sassan jiki. A Dell F2 ne ke shiga BIOS, F12 kuma yana kawo jerin tare da gwajin. A ThinkPad F1 ne da F12. Idan sunan had-dis ɗin bai bayyana ba sam, a kashe, a buɗe, a zare shi a mayar da shi da kyau, domin faɗuwa ko bugu yana sa ya saki. Idan ya bayyana, a yi masa gwajin da ke cikin kwamfutar; idan ya faɗi gwajin, kwanakinsa sun ƙare kuma abin da ya rage shi ne ceto abin da ke ciki.

Idan ya bayyana kuma ya ci gwajin, a duba saiti. Windows ɗin da aka ɗora a tsohon tsarin tashi da ake kira Legacy ba zai tashi a sabon tsarin UEFI ba, haka ma akasin hakan, kuma wannan saitin yana iya sauyawa idan BIOS ya koma yadda ya fito daga kamfani. A gwada ɗayan, amma a ɗauki hoton allon kafin a taɓa komai don a iya mayarwa.

Abu ɗaya ne ba a wasa da shi: had-dis mai yin ƙara ƙas-ƙas ko gurnani. Irin wannan yana da faifai mai juyawa da allura mai karatu, kuma duk kunnawar da aka ƙara tana iya karce faifan ta cinye abin da ya saura. A kashe nan take. Maganar sa shi a firji ko bubbuga shi ba ta da wani amfani sai ƙarin ɓarna. SSD ba ya ƙara saboda babu abin da ke motsi a cikinsa, shi ya sa idan zai mutu yakan mutu ba sallama.

Kullum sai ta ce in danna F1, kuma kwanan wata yana komawa shekarun baya. Me ke faruwa?

Akwai ƙaramin batir mai kama da kwabo a kan madabod, yawanci CR2032 mai bolt 3, wanda yake riƙe agogo da saitin BIOS idan babu wuta. Yana ɗaukar shekaru kafin ya ƙare, amma kwamfutar hannu ta riga ta ci yawancin shekarun nan kafin ta iso Kaduna. Idan ya mutu agogo yakan rikice, shafukan intanet su riƙa ƙin buɗewa suna ƙorafin tsaro, saitin da aka ambata a sama kuma ya sauya har Windows ya kasa tashi. A kwamfutar tebur ana ciro shi da yatsa a sa sabo, masu gyaran agogo ma suna sayar da irinsa. A laftof sau da yawa yana naɗe cikin baƙar leda da 'yar waya, sai a nemi mai irin bakinsa.

Tambarin Windows yana fitowa, ɗigo suna ta zagayawa, ko ta nuna shuɗin allo ta sake kunna kanta. Ya za a yi?

Da farko a ba ta lokaci. Bayan sabuntawa, kwamfuta mai tsohon had-dis da ram kaɗan tana iya ɗaukar sa'a guda ko fiye, kuma kashe ta a wannan halin shi ne yake haifar da ainihin matsalar. Idan ya tabbata ta cije, Windows 10 da 11 suna da ɗakin gyara nasu. Idan tashi ya gaza sau biyu a jere, a na uku sukan buɗe shi da kansu. Ana kuma iya tilasta hakan ta hanyar danne maɓallin kunnawa da zarar tambarin ya fito, sau biyu ko uku. Daga nan a zaɓi Troubleshoot, sannan Advanced options.

A fara da Startup Repair, wanda yake gyara fayilolin tashi da kansa. Idan matsalar ta biyo bayan sabuntawa, a zaɓi Uninstall Updates. System Restore yana mayar da saitin Windows zuwa wata rana da ta wuce ba tare da taɓa takardu da hotuna ba, in dai an taɓa ajiye irin wannan ranar. A ƙarƙashin Startup Settings, lamba 4 tana buɗe Safe Mode, inda Windows yake tashi da abubuwan da suka zama dole kaɗai. Idan ta tashi a nan, an san wata manhaja ce da aka ɗora kwanan nan take kawo cikas, sai a cire ta, kuma wannan ce damar kwashe muhimman fayiloli zuwa filash kafin komai. A Windows 7, danna F8 kafin tambari ya fito ne yake kawo wannan jerin.

Shuɗin allon, wanda a sababbin sigogin Windows 11 ya koma baƙi, yana ɗauke da sunan kuskuren a ƙasa, kuma a ɗauki hotonsa. INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, alal misali, yakan fito idan an sauya saitin ma'ajiya a BIOS tsakanin AHCI da RAID, kuma mayar da shi yadda yake yana wadatarwa. Idan sunan kuskuren yana sauyawa a kowane karo, a koma a binciki ram.

Fayil guda yana iya kwantar da lafiyayyar kwamfuta. A ranar 19 ga Yuli, 2024, wata sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta hana kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 tashi, bisa ƙiyasin Microsoft, har jiragen sama da bankuna da asibitoci suka tsaya a ƙasashe da dama. Gyaran da aka bayar shi ne a shiga Safe Mode a goge fayil ɗin da ya jawo abin, babu wanda aka ce ya goge kwamfutarsa.

Tana neman wata lambar BitLocker da ban taɓa sawa ba. Ina zan samo ta?

BitLocker yana kulle duk abin da ke cikin ma'ajiya ta yadda ko an sace ta ba za a iya karantawa ba, kuma sababbin kwamfutoci da yawa suna kunna shi da kansu idan aka shiga da asusun Microsoft. Sauyi a BIOS ko a madabod yana sa ya nemi lambar ceto mai alƙaluma 48. Ana samunta ta hanyar shiga wannan asusun na Microsoft daga waya ko wata kwamfuta. Idan ta ofis ce, sashen kwamfuta na ma'aikatar ne yake riƙe da ita. Idan wani ne ya saita kwamfutar da nasa asusun, lambar tana wurinsa. Babu mai gyaran da zai iya fasa wannan kullen, kuma idan lambar ta ɓace, kwamfutar za ta sake aiki da sabon Windows amma abin da ke ciki ya tafi.

Mai gyara ya ce sai an yi fomatin. In yarda?

Kada a yarda kafin a yi masa tambaya biyu: me ya gano, kuma ina fayilolin za su kasance? Fomatin ya zama maganin kowace cuta a wasu shaguna saboda yana da sauri kuma ba ya buƙatar dogon bincike, amma yin sa a kan fayil ɗin tashi da ya lalace kamar rushe ɗaki ne don makulli ya ɓace. Ba ya gyara ram, ba ya gyara zafi, kuma idan had-dis ne yake mutuwa, sabon Windows ɗin zai sake faɗuwa bayan 'yan makonni, a lokacin kuwa furojet ɗin ɗalibi ko lissafin shago ya riga ya tafi.

Kusan kullum ana iya kwashe fayiloli tukuna. Ana ciro ma'ajiyar a sa ta cikin ɗan akwati mai wayar USB a jona da wata kwamfuta, sai ta buɗe kamar filash. Inda ma'ajiyar take manne da madabod, kamar a wasu ƙananan laftof masu araha, ana tayar da kwamfutar daga filash mai ɗauke da Ubuntu, wata manhaja da ke tayar da kwamfuta a madadin Windows, ba tare da an ɗora shi ba, a kwafe abin da ake so. Ko da ya zama dole a sake ɗora Windows, akwai zaɓin Reset this PC tare da Keep my files, wanda yake cire manhajoji ya bar takardu. Haka kuma idan aka ɗora daga filash ba tare da an goge ɓangaren ma'ajiyar da tsohon Windows yake ciki ba, tsofaffin fayiloli suna komawa cikin jakar Windows.old. Filash mai gigabait 8 ya isa a mayar da shi na ɗora Windows da manhajar da Microsoft yake bayarwa kyauta a shafinsa.

Shayi ko ruwa ya zube a kan kibod, yanzu ta ƙi kamawa. In sa ta a rana?

A cire caja da batir nan take, a kife ta a buɗe, kuma kada a gwada kunnawa don a ga ko tana aiki, domin wannan gwajin ne yake ƙona madabod. Rana da shinkafa ba sa cire sukari da madarar da suka shiga ciki, waɗanda suke ci gaba da cin ƙarfe ko bayan sun bushe. A kai ta wurin mai gyara ya buɗe ya wanke madabod ɗin da sinadarin da ya dace a ranar, ba bayan mako ba.

An ce Windows 10 ya daina aiki. Shi ya sa tawa ta ƙi tashi?

A'a. Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamar yadda ya yi wa Windows 7 a ranar 14 ga Janairu, 2020, amma wannan ba ya kashe kwamfuta, sabuntawar tsaro ce take tsayawa. Inda matsala take shigowa shi ne wajen tilasta Windows 11 a kan tsohuwar na'urar da ba ta cika sharuɗɗansa ba, waɗanda suka haɗa da wani ɗan sashen tsaro da ake kira TPM 2.0 da ram gigabait 4 da ma'ajiya gigabait 64. Ana yin hakan ta bayan gida kuma yakan yi aiki, sai dai Microsoft bai lamunce wa irin wannan kwamfutar samun sabuntawa ba.

Idan dole sai an kai wa mai gyara, me ya kamata in yi tukuna?

A rubuta abin da ya faru dab da matsalar: faɗuwa ce, ɗaukewar wuta ce, sabuntawa ce, ko sabuwar caja. A tafi da cajar da ake amfani da ita da hotunan saƙon da allo ya nuna. A san girman ram da na ma'ajiya kafin a bar ta a shago, a rubuta su a takardar karɓa tare da lambar jikin kwamfutar, wannan kuwa kariya ce ga mai kaya da mai gyara baki ɗaya. Idan matsalar ta wuta ce ko ta allo, ana iya roƙon a ciro ma'ajiyar a ba mai ita ya tafi da ita gida, tunda gyaran ba ya buƙatarta. A kuma yi yarjejeniya cewa ba za a goge komai ba kuma ba za a sauya wani sashe ba sai an kira an faɗi kuɗin, sannan a dawo da tsohon sashen da aka cire.

Laftof na hannu da ya nemi kalmar sirri tun kafin tambarin Windows ya fito, wato ta BIOS, a mayar wa wanda ya sayar da shi da rasit, domin a samfuran ofis irin su ThinkPad da EliteBook cire ƙaramin batir ba ya goge ta. Idan kuma mai gyara ya ce madabod ne gaba ɗaya, a tambayi farashin irin wannan laftof ɗin na hannu a kasuwa kafin a biya, saboda a tsofaffin samfura kuɗin biyun yakan yi kusa da juna, kuma ram da ma'ajiyar tsohuwar suna iya shiga wadda za a saya idan zamaninsu ɗaya.